Malama Lasifika da Jan Baki

Ranar da aka haifi Ummussalma a unguwar Matsaro cikin garin Haɗeja, ba a aiki kowa ya sanar da maƙwabta ba. Ita ta sanar da su da kanta. Kukanta na farko ya tsallake katanga, ya tsallake lungu, har mai shayin bakin titi ya ɗago kai ya ce, "Kai, wannan namiji ne, Allah Ya raya." Aka ce masa ai mace ce. Ya juya cokali, ya ce, "To, Allah Ya ba mijinta haƙuri."

Haka ta taso, murya a gaba, ita a baya. In mahaifiyarta ta ce ta je ta kira yayanta daga filin ƙwallo, ko takalmi ba ta sawa. A tsakar gida take tsayawa ta ƙwala masa kira, ya zo, wasu yaran masu irin sunansa su ma su biyo shi suna tambayar wa ke neman su. An yi mata faɗa, an yi rarrashi, an ce 'ya mace da sanyin murya aka san ta. Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Amma raɗar Ummussalma ita ce maganar sauran mutane, maganarta kuwa sai dai a ce shela. Tun a sakandare 'yan ajinsu suka laƙaba mata Lasifika, sunan ya bi ta kwalejin ilimi a Gumel, ya dawo da ita gida, har yau bai sake ta ba.

Samari sun zo, ba a ce ba su zo ba, don yarinyar kyakkyawa ce, doguwa, ga fara'a. Wajen zance ake samun matsala. Saurayi zai sunkuyar da kai ya faɗi wata magana mai daɗi ƙasa-ƙasa, ita kuma ta maimaita don ta tabbatar ta ji daidai, shi ke nan duk layin ya san abin da ya ce. Wanda ya jure shi ne Ari, wani tela da iyayensa suka taso daga wajen tafkin Chadi, mutumin da in yana magana sai ya tsayar da keken ɗinkinsa kafin ka ji shi. Mutane suka ce haɗin ya yi, in aka tara muryarsa da tata aka raba biyu, kowa ya samu daidai.

Ba a jima da biki ba aka tura ta koyarwa firamaren Gabaruwar Kogi, wani ƙauye can cikin fadama bayan Auyo, inda da damina hanya ke komawa ruwa sai an shiga kwale-kwale. Ari ya ɗora kekensa a kwale-kwalen ya bi matarsa. Ajujuwan makarantar a jere suke, bango ɗaya ya raba su, don haka in Malama na koyar da 'yan aji ɗaya, sauran ajujuwan ma suna ɗaukar darasin ko suna so ko ba sa so. Wannan bai dami hedimasta ba ko kaɗan.

Komai na tafiya lafiya har kaka ta kama. Wata safiya Malama ta shiga aji ta yi sallama, sai benci ya amsa mata. Babu yaro ko ɗaya, sai wata akuya da ke cin takarda a ƙarƙashin allo. Washegari ma haka. Ta tambayi hedimasta ko annoba aka yi, ya yi dariya ya ce, "Malama, ke 'yar birni ce. Shinkafa ta yi nono, yara suna tsaron jan baki. Sai an yi yanka za ki sake ganin su."

Wanda bai zauna a fadama ba, ba zai gane jan baki ba. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, in ka gan shi shi kaɗai har tausayi zai ba ka. Amma ba ya zuwa shi kaɗai, munafuki. A cikin kachala suke kwana, ciyawar nan doguwa da ta cinye bakin kogi, da safe su taso su rufe rana, su sauka a gonar mutum lokacin da ƙwayar ke da taushi. Kafin ka ce wayyo, sun mayar maka da wahalar damina ƙaiƙayi. Don haka kowane gida ke kafa 'yar rumfa mai dogayen ƙafafu a gonarsa, a ɗora yaro a kai, a ba shi majajjawa da igiyar da aka jera wa gwangwanaye, ya wuni yana ja yana ihu.

Malama ta ɗauki mayafinta, ba ta zame ko'ina ba sai ƙofar gidan Bulama Bakari, mai garin, wanda ta tarar zaune a gindin gabaruwa yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba Bulama, yaran nan fa? Ina laifin a bar min su ko zuwa hantsi?"

Bulama bai ɗago ba. "Malama, karatunki yana nan a allo, in mun dawo za mu same shi. Shinkafa kuwa a bakin tsuntsu take tashi sama. In yaro ya ci karatu bai ci tuwo ba, ke za ki goya shi?"

Nan fa ran Malama ya ɓaci, ta manta a gaban wa take. "Haba Baba! Kowace shekara sai a kwashe su, su dawo sun manta ko baƙi ɗaya! Haka za su ƙare?"

Wannan "Haba Baba" ita ta sauya rayuwarta. A gonar da ke bayan gidan Bulama akwai jan baki da suka fi ƙarfin yaron da ke tsaro tun safe. Muryar na isa gare su suka tashi fuuu, gaba ɗaya, suka yi gabas ba waiwaye. Bulama ya ajiye komar. Ya dubi sama, ya dubi Malama, ya sake duban sama.

"Malama," ya ce a hankali, "don Allah sake faɗa."

A ranar aka yi yarjejeniya. Bulama ya sa samari suka kafa wata rumfa a tsakiyar fadamar, wadda ta fi kowace tsayi, da tsani da tabarma da inuwa. Kowane yaro zai zauna a rumfar gonar ubansa, igiyar gwangwani a hannu. Malama za ta hau tata ta bayar da karatu, su kuma su amsa daga inda suke da iyakar ƙarfinsu. Iyaye sun samu masu tsaro, Malama ta samu ɗalibai. Hedimasta ya ce shi bai taɓa ganin wannan a tsarin koyarwa ba, amma tunda ajin babu kowa, ba shi da ta cewa.

Kai, da ka ga fadamar Gabaruwa a wannan kakar! Da sassafe Ari zai tuƙa ta a kwale-kwale ta cikin magudanar da ta ratsa gonaki, ta hau rumfa, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta cika ƙirji. "Biyu sau ɗaya!" Sai ka ji daga gabas da yamma, kusa da nesa, "Biyu!" Gwangwanaye su ɗauka, tsuntsaye su watse. Kowane layi sau uku ake maimaita shi, don na nesa ya ji daga bakin na kusa. A shekarar Gabaruwa ta yanki shinkafar da ta daɗe ba ta ga irinta ba, yara kuma suka koma aji da lissafi a baki.

Sai dai jan baki ba wawa ba ne. Bayan 'yan kwanaki Malama ta lura in ana sau biyu, tsuntsayen ko gezau ba sa yi, suna ci suna kaɗa kai. Bulama ya zo da ƙorafi da kansa. "Malama, waɗannan la'anannun sun haddace sau biyu. A ƙara musu aji." Dole aka wuce sau uku, aka wuce sau huɗu. Ka ga yadda tsuntsu ya sa yaran ƙauye suka riga na birni gama jadawalin sau. Da lissafi ya ƙare ta shiga jihohi da manyan biranensu, a nan ne aka gano maganin da ya fi kowane. Duk sunayen garuruwan Nijeriya babu wanda jan baki ya tsana kamar Abakaliki. In ta ce "Ebonyi!" fadama ta amsa "Abakaliki!" to ko tsuntsun da ya ƙoshi sai ya tashi. Har yau a Gabaruwa in akuya ta sa kai a kwanon tsohuwa, ba ta cewa kur, Abakaliki take cewa, akuyar kuma ta gane.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. An so a mayar da ita Haɗeja ba sau ɗaya ba, ta ce a bar ta, wa zai hau rumfa? Yaran da suka fara karatu a kan rumfunan nan, wata ta zama ungozoma a asibiti, wani malamin gona, da yawa kuma suna nan suna noma da kamun kifi, amma babu mai sayen shinkafar da ya isa ya ruɗa su da lissafin buhu. Tsofaffin matan da ba su taɓa taka aji ba sun kwashi nasu rabon a banza, suna tsinkar zogale suna amsawa ƙasa-ƙasa. Duk wannan a kan abu ɗaya ya tsaya, maƙogwaron Malama. Ita ma ta sani, kuma gaskiya tana ji da shi. Abin da aka yi ta kunyata ta da shi tana yarinya, shi ne yau gari guda ke ci da shi.

To, maƙogwaro nama ne. A wata kaka muryar ta fara dusashewa da yamma, ta dawo da safe. Kaka ta gaba ta daina dawowa duka. Malama ta sha zuma, ta sha citta da kanumfari, ta sha lemon tsami har haƙoranta suka mutu. Ari ya roƙe ta ta je asibiti, ta ce mura ce. Sai ranar da ta ce "Ebonyi" muryar ta karye a tsakiya, na gonakin nesa ba su amsa ba don ba su ji ba, sannan tsoro ya kama ta. Ta sauko daga rumfar ta ce wa Ari su je asibiti.

Likita a Haɗeja ya leƙa ya tura ta Kano. A can aka ce wani ɗan tsiro ne ya fito a inda murya ke fita, saboda yawan ɗaga ta. Sai da aka jima ana jiran layi, aka yi mata aiki daidai lokacin da shinkafar wata shekarar ke fitar da kai. Likitan da ya yi aikin ya zaunar da ita da Ari ya ce, "Hajiya, aiki ya yi kyau. Saura naki. Ba magana, ba raɗa, ba ko gyaran murya, sai wurin ya warke. In kika yi haƙuri muryarki za ta dawo. In kika ɗaga ta kafin lokaci wurin zai yage, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan, ni ba ni da wata da zan sa miki." Malama ta buɗe baki za ta ce to, Ari ya yi maza ya ce, "Ta ji, likita."

Shirun Malama ya girgiza Gabaruwa fiye da ihunta. Maƙwabta suka daina sanin abin da za a dafa a gidan Ari. Kajinta suka ƙi dawowa da yamma don ba wanda ya kira su. Ari kuwa, bawan Allah, ya samu fili. Labaran da ya fara tun suna amarya da ango bai samu ƙarasawa ba, duk ya kwaso su, yana ɗinki yana zuba, ita tana zaune tana harararsa. In ta gaji ta buga murfin tukunya. Amma in ya fita, takan zauna ta dafa wuyanta, tana jin tsoron da ba ta taɓa ji ba. Ba ta san wace ce ita ba in babu muryar nan.

Shinkafa ta yi nono, jan baki suka iso. Bulama Bakari, wanda yanzu sai da sanda, ya zo gaishe ta tare da Haladu, wani tsohon ɗalibinta da ya zama magidanci, ƙato mai faɗin ƙirji, 'ya'yansa ma a hannunta suke karatu. Bulama ya ce, "Malama, bana sai dai yara su koma ihun banza." Haladu ya ce, "A'a, Baba. Ni zan hau rumfar. Abin da Malama ta zuba mana yana nan, ko a barci aka tashe ni zan kawo shi." Malama ta dube shi, ta tuna shi yana ɗan mitsitsi a rumfar ubansa, can ƙarshen fadama inda ko muryarta da ƙyar take kaiwa. Ta gyaɗa kai, idonta ya ciko.

Aka yi kwanaki Haladu na jan karatu, labari na zuwa gida cewa abin na tafiya. Zama ya gagari Malama. Da hannu da ido da murfin tukunya ta matsa wa Ari sai ya kai ta ta gani. Ya ce, "Salma, kin ji abin da likita ya ce." Ta kama leɓɓanta da yatsu ta nuna masa a rufe suke. Ya ce, "To, daga nesa. Ba za mu matsa kusa da rumfar nan ba, na san halinki." Ya tuƙa ta zuwa wata tsohuwar rumfa a gefen fadamar, ya taimaka mata ta hau.

Abin da ta gani ya fi abin da aka ba ta labari. Ba yara kaɗai ba, iyayensu ma suna amsawa daga cikin gonaki, maza da mata, mutanen da ta koyar da waɗanda suka tsinta a iska. Haladu na can tsakiya, ƙanƙane saboda nisa, muryarsa kuwa ba laifi. Ana sau bakwai. Daɗi ya kama ta, da ɗan kishi kaɗan, ba za a ɓoye ba. Tana bin su da leɓe ba sauti.

Haladu kan faɗi layi duka su maimaita, don shi bai yarda da kansa ya yi tambaya ba. "Bakwai sau bakwai, arba'in da tara!" Fadama ta amsa. Malama ta gyaɗa kai.

"Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu!"

Fadama guda ta ɗauka, "Hamsin da huɗu!"

Innalillahi! Malama ta miƙe tsaye har rumfar ta yi ƙara. Ta cire mayafi ta shiga kaɗawa da hannu biyu. Haladu ya hango ta, ya ɗauka jinjina ce, ya ɗaga mata hannu, ya ƙara cika ƙirji. "Jama'a, ga Malama can tana jin mu! A ƙara ƙarfi! Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu!" Suka amsa har ƙasa ta ɗauka.

Ta damƙi hannun Ari ta nuna masa yatsu biyar, ta sake nuna shida. Ya ce, "Ruwa za ki sha?" Ta girgiza shi. Da ƙyar ya gane, ya tattara duk abin da Allah Ya ba shi ya ce, "Haladu, wai da shida ne." Wani kwaɗo a ƙarƙashin rumfar ne kaɗai ya ji.

Mai hankali zai ce ta bari mana, gobe a gyara. Ari ma abin da ya ce ke nan, yana riƙe da gefen zanenta. "Salma, don girman Allah. Biyu ce fa kawai. Mu je gida in aika a kira shi." Amma Malama ta san abin da mai hankalin bai sani ba. Abin da ya shiga kan yaro da waƙa, a fili, da bakin ubansa da na uwarsa, ba ya fita. Ga shaida can a kan rumfa, ƙato da gemu, ya ɗauko kuskuren da iska ta kai masa ƙarshen fadama tun yana yaro, ya riƙe shi tsawon shekarun nan da zuciya ɗaya. A rumfar da ke kusa da ita wata 'yar ƙaramar yarinya ce, 'yar aji biyu, ta rufe ido tana jan igiya tana rera hamsin da huɗu da iyakar gaskiyarta. Saura maimaici na uku.

Haladu ya ja numfashi. Malama ta riga shi.

"HAMSIN DA SHIDA!"

Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa jin irinta ba, ko a zamanin ƙuruciyarta. Jan bakin fadamar kaf suka tashi lokaci ɗaya, har da na cikin kachala, rana ta dushe. Wani masunci ya saki gorarsa. Gwangwanaye suka yi tsit. Haladu ya daskare da baki buɗe, sannan ya shiga lissafi da yatsu, ya dafe kai. Can ya ɗago ya ce, "Bakwai sau takwas, hamsin da shida!" Fadama ta amsa. Ya sake, ta amsa. Ya yi ta maimaitawa ya wuce sau uku, ba wanda ya ce ya isa.

Malama ta ji ɗanɗanon jini a bakinta. Ta buɗe baki za ta ce madalla, iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa, iska. Daga baya likita zai leƙa ya girgiza kai, ya ce abin da ya rage mata sai 'yar raɗa, wadda sai an kawo kunne kusa. Amma ita a ranar ba ta buƙaci likita ba, ta riga ta sani. Ta zauna a kan tabarmar rumfar, hawaye na zuba, Ari na gefenta yana kuka ya fi ta.

Kafin wani lokaci Haladu ya iso, ya ratso ruwa da taɓo har ƙugu, mutane na biye da shi. Ya tsaya a ƙarƙashin rumfar ya kasa haɗa ido da ita. "Malama, ki yafe min. Ni na jawo. Mu tsaya haka? A tashi karatun?"

Ta share fuska da bakin mayafi. Ta dube shi da irin kallon da ya sani tun yana aji ɗaya, ta nuna masa rumfar tsakiya da yatsa, alamar ya koma inda ya fito. Sannan ta miƙe, ta juya wajen yaran da suka zuba mata ido daga rumfunansu, ta ɗaga yatsu bakwai sama. Ta sauke, ta ɗaga tara.

'Yar yarinyar nan ta kusa ce ta fara ganewa. Ta ja igiyarta, ta ƙwala da ɗan siririn muryarta, "Sittin da uku!"